Aljanin Murhun Safiya Yana Tashi Aiki Ƙarfe Bakwai

A Sharada aka fara cewa murhun Safiya yana da aljani, kuma wai aljanin ma'aikaci ne.

Yadda labarin ya iso mini shi ne, ƙarfen da aka ƙera murhun da shi daga wani tsohon kamfanin fata na Challawa aka yanko shi. Kamfanin ya rufe, an sallami kowa, amma an manta da aljanin da yake zaune a cikin tukunyar injin. Shi ne ya biyo ƙarfensa har kicin ɗin Safiya, ya ci gaba da aikin darensa a kan tsohon tsari: ya kama da magariba, ya tashi ƙarfe bakwai na safe. Duk wanda ya hura wuta a tsakanin nan, sai ya maido masa da hayaƙin a fuska. Bakwai tana yi kuwa, ko wa ya hura wutar sai ta kama lafiya lau.

Maƙwabciyata Hajiya Jummai ce ta kawo mini maganar ran wata Litinin. Aron rariya ta zo yi, amma sai da ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Malama Yelwa, ke da kike da 'ya a gidan, a ce sai a bakina za ki ji? Ran Asabar fa faɗuwa ta yi a kicin, sai jawo ta aka yi."

"Wa ya ga aljanin?"

"Ke dai kullum wa ya gani, wa ya gani. Ana ganin aljani ne?"

"To wa ya ba shi agogo?"

Ta ɗauki rariyarta ta ce Allah Ya shirye ni.

Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata kafin na yi ritaya. Akwai aljanu, Alƙur'ani ya faɗa, ba ni da ta cewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a garin da ake cewa biki ƙarfe huɗu amma a fara shida, a ce an sami halitta guda da ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma taɓa ƙara minti biyar ba.

Safiya 'yar ƙanina ce, marigayi Alhassan. Garau-garau take yi, shinkafa da wake da mai da yaji, ta zuba a manyan kuloli, a daidaita sahu ya kai ta bakin get ɗin kamfanoni kafin shida da rabi, lokacin da masu aikin dare suke fitowa da yunwa, masu aikin safe suke shiga ba su karya ba. Shekara shida tana wannan sana'ar, da ita ake saninta. Da gas ya gagari tukunyarta, sai ta sa aka ƙera mata murhun ƙarfe na itace, mai ƙofa da bututun hayaƙi, don ta daina tsugunno a tsakar gida tana hawaye a kan duwatsu uku. Wata biyu ke nan da kafa shi. Jummai ta ƙarasa mini sauran daga bakin ƙofa: mijinta Kamilu ya rantse ran Juma'a zai kawo 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su kwashe murhun, ita kuma ta haƙura da sana'ar, tunda dai ba zai zuba ido matarsa ta mutu a kan shinkafa ba.

Saura kwana huɗu ke nan. Na ɗauki mayafina.

A ƙofar gidan na tarar da surukin Safiya, Malam Mamman, a kan bencinsa. Dattijo ne dogo, ya ba saba'in baya, shekara talatin ya yi yana gadin get a Challawa. Ya bar aikin, amma aikin bai bar shi ba. Har yau akwai tarin mukullai a ƙugunsa, ba ya kuma iya ganin abu a buɗe ya wuce. Randa, kwanon abinci, ƙofar banɗaki, jakar baƙo, duk sai ya rufe.

"Hajiya, ku ne da rana haka? Sannunku da zuwa."

"Malam, mun same ku lafiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Muna dai ta ƙoƙari, iya abin da za mu iya muna yi."

Ya miƙe ya buɗe mini ƙofa, ina shiga ya mayar ya rufe, na ji ƙarar sakata a bayana.

Gidan irin na unguwar ne. An zuba rufin kankare da niyyar ɗora bene, an yi matattakala, sai niyyar ta tsaya, rodi yana ta kallon sama. Kicin ɗin ɗan ɗaki ne mai rufin kwano a jingine da ginin. Safiya ta fito idanunta jawur, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. 'Yarta Hanan ma an kai ta Dorayi wajen kakarta tun da abin ya fara.

"Gwaggo, kun ji abin da ya same ni ko?"

"Na ji abin da ake cewa. Mu je na gaishe shi."

Ban ɓoye ba, murhun ya burge ni. An ɗora shi a kan bulo, ba a ƙasa ba. Tsakaninsa da bango akwai kamu uku, na auna da hannuna. Bututun ya miƙe sama ya fita ta kwano, an zagaye wajen da ƙarfe, babu katakon rufi ko ɗaya da yake kusa da shi. Ga bokitin yashi a gefe. Na ɗauki itacen na ƙwanƙwasa biyu, suka yi ƙara irin ta busasshe. Na tona tarin ko zan ga katako mai fenti, ko guntun roba irin wanda mutanen unguwar suke tsintowa a bayan kamfanoni su cusa a wuta suna cewa ya fi saurin kamawa. Babu.

Abin da bai burge ni ba shi ne tagar. An toshe ta da kwali, an bi gefen da tsumma. A ƙasa ga kaskon turare.

"Wannan fa?"

"Wani mai magani aka kawo, Gwaggo. Ya ce a rufe taga da ƙofa, a zuba turaren a garwashi, a hura murhun. Wai in hayaƙin turaren ya cika ɗakin zai shaƙe shi ya gudu."

"Yaushe aka yi?"

"Ran Asabar."

"Wa ya shaƙe?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni."

Na sa hannu na yage kwalin. Na jera itace, na hura wuta, na kunna guntun takarda na kai bakin ƙofar murhun. Harshen wutar ya lanƙwashe ya shige ciki kamar ana zuƙarsa. Na fita tsakar gida na ɗaga kai, ga hayaƙi yana tashi tsaf daga bakin bututun, wanda ya ɗan ɗara rufin kankaren.

"Ai lafiyarsa ƙalau."

"Gwaggo, ƙarfe ɗaya fa ake ciki. Ya tashi tun ɗazu."

"Shi Kamilun ya taɓa gani da idonsa?"

"Abban Hanan aikin dare yake a Bompai tun kafin a kafa murhun. Takwas yake shigowa. Kullum sai dai ya tarar da ni a kwance da ciwon kai, murhu kuma yana ci kamar bai san komai ba. Da farko ma cewa ya yi ban iya hurawa ba."

Ta ce waken da yamma take dafa shi, kafin magariba, ba ta taɓa samun matsala ba. Shinkafar ce sai bayan sallar asuba, ita ce kullum take fita a makare tana warin hayaƙi. Masu sayen wasu sun koma wajen mai shayi, wasu kuma suna karɓa su yi ta tofa addu'a a kan kwano kafin su kai loma.

Ran Talata na je wajen wanda ya ƙera shi, Tijjani mai walda, a bakin titin da manyan motoci suke juyawa. Gajere ne mai faɗi, da baƙin gilashi a goshi. Yana jin sunan Safiya ya ajiye abin waldarsa ya dafe ƙirji.

"Hajiya, an ɓata mini suna! Mutum huɗu sun fasa. Wata har aiko mini ta yi wai in na ƙera mata, in tabbatar babu kowa a ciki. Ku faɗa mini, ta ina zan leƙa?"

"Sau nawa ka je ka duba?"

"Sau uku. Na zura sanda a bututun tun daga sama har ƙasa, ko yanar gizo babu. Ni fa ba haka kawai nake kafa murhu ba. Bulo a ƙasa, nesa da bango, nesa da katako. Bututu ya wuce rufi. Na ce mata taga a buɗe, itace busasshe, toka a bokitin ƙarfe ba na roba ba, kada a hura da fetur, kada yarinya ta matso. Har hula na ce zan yi wa bututun, mijinta ya ce a bari sai damina ta matso."

"Da wane lokaci kake zuwa dubawar?"

"Da rana mana."

"Da asuba fa?"

Ya gyara gilashinsa. "Hajiya, ina da iyali."

"Au, kai ma ka yarda ke nan?"

"Ban yarda ba. Amma ban ga dalilin da zan je in same shi a bakin aiki ba."

Na ce to ya faɗa mini sunan kamfanin fatar da ya samo ƙarfen, ina so in je in ji tarihin ma'aikacin nasu. Sai ya fara sosa ƙeya. Ya kalli titi, ya kalli ƙasa, ya rage murya.

"Hajiya, tsakanina da ku. Ƙarfen nan bai taɓa zuwa Challawa ba. Tsohon tankin ruwa ne na wani kamfanin alewa a Bompai."

"To me ya kawo Challawa?"

"Mutane sun fi yarda da ƙarfen Challawa. In ka ce na kamfanin alewa ne sai su ga kamar zai narke."

Na fito ina lissafi a raina. Aljanin dai ya rasa wajen aikinsa na asali, amma hayaƙin da ya kayar da Safiya na gaske ne. Na ga irinsa a littafi, na koyar da shi a allo: wuta a ɗaki rufaffe tana fitar da iskar da ba a gani, ba a jin warinta, ta fara da ciwon kai da jiri, ta ƙare da wanka da likkafani. Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne. Kafin na tafi na ce wa Tijjani ya ƙera hular nan, ya zagaye ta da raga, ya ajiye.

A gidan Safiya na kwana. Da muka idar da sallar asubar Laraba, Malam Mamman ya riga ya tafi masallaci, inda yake zama har rana ta fito. Na sa aka buɗe taga, na tokare ƙofar kicin da turmi.

"Gwaggo, ku yi addu'a tukuna."

"Na yi. Miƙo ashana."

Itacen shekaranjiya ne, hannun shekaranjiya ne, murhun shekaranjiya ne. Wutar ta kama da ƙyar, ta yi ja, ta kwanta. Sai ga hayaƙi yana bulbulowa ta ƙofar murhun, ta gefen tukunya, ta kowace kafa, fari mai kauri, kai tsaye zuwa fuskata. Na kunna takardata na kai bakin ƙofar. Harshen wutar ya juyo ya nufo yatsuna.

Ba zan yi ƙarya ba, sai da na ja da baya. Shekara talatin da ɗaya ta kimiyya, amma bakina da kansa ya kama a'uziyya.

"Kun gani ko, Gwaggo? Kun gani?"

"Na gani. Fita waje."

Muka fito muna tari. Gari ya fara haske. Safiya ta durƙusa tana kallon ƙofar kicin, inda kowa yake kallo tun wata biyu. Ni kuwa na ɗaga kai sama. Bakin bututun ko ɗigon hayaƙi babu. Kuma kamar ya fi na shekaranjiya kauri.

Matakala goma sha bakwai ce. Na san adadin don kowace ɗaya sai da gwiwata ta gaishe ta. Safiya tana ƙasa tana roƙona in sauko, wai can ne ofishinsa. Na isa saman kankaren ina haki, na bi ta tsakanin rodi, na je gefen da bututun ya ɓullo, daidai ƙuguna.

Gwangwanin madara ne, babba, an kifa shi a bakin bututun. An naɗe gindinsa da tsumma an ɗaure tamau da igiyar leda. A samansa an ɗora rabin bulo.

Na tsaya ina kallonsa. Ɗaurin ma mai kyau ne, na wanda ya san aikinsa. Na sauke bulon, na kwance igiyar, na naɗe hannuna da mayafi na cire gwangwanin. Hayaƙi ya yi tsalle ya fito kamar an buɗe wa 'yan makaranta get. Daga ƙasa na ji murhun ya ja numfashi, wuta ta fara ruri.

"Gwaggo! Gwaggo, ya tafi! Ko shida ba ta yi ba!"

"Yau ya nemi izini. Ɗora shinkafarki, kada ki rufe tagar nan."

"Ba za ku sauko ba?"

"Ina jiran wani."

Na zauna a kan rabin bulon, gwangwani a cinyata. Shida da kwata na ji a daidaita sahu ya tsaya, na ji an fita da kuloli. Rana ta fito a kan rufin kamfanoni. Can wani kamfani ya busa jiniyarsa ta ƙarfe bakwai, kafin ta yi shiru na ji takun takalmi a matattakala, da ƙarar mukullai.

Malam Mamman ya ɓullo da carbi a hannu. Ya gan ni, ya ga bututun, ya ga abin da yake cinyata. Ya tsaya cak.

"Hajiya, wa ya buɗe?"

"Ni ce, Malam. Ina kwananku?"

"Lafiya lau. Amma lokaci bai yi ba. Bakwai ake buɗewa."

Ya faɗa ne ba tare da ko ɗar ba, kamar yadda zai faɗa wa direban da ya zo da wuri. Na ce ya zauna mu gaisa sosai. Ya zauna a bakin matakala, nesa kaɗan, yadda ya dace da surukai.

"Malam, tun yaushe kuke rufe shi?"

"Tun ranar da aka kafa. Da magariba na hau zagayena, sai na ga baki a buɗe yana kallon sama, ya zarce har inda ake dafa abin da za mu ci. Ina tsaye ƙadangare ya leƙa ciki. Ku da kuka yi karatu kun sani, an ce in dare ya yi a rufe ƙofofi, a rufe kwanuka. To wannan wa zai rufe shi? Yaran yanzu ba sa lura. Ban ma faɗa wa kowa ba, ba abin a yi ta shela ba ne."

"Tsumman fa, da bulon?"

"Wannan daga baya ne. Da aka fara maganar abin nan, na ce lallai ta gefen gwangwanin yake samun shiga. Na ƙara tsumma. Abin ya ƙaru, na ƙara igiya. Ran Juma'a na ɗora bulo." Ya girgiza kai. "Amma Hajiya, duk da haka washegari sai da ya kayar da ita. Mai taurin kai ne."

Na daɗe ina koyarwa, na san in ka ce wa mutum ya yi kuskure, sai ya tsaya kare kuskuren ya manta da tambayar. Balle dattijo, balle suruki. Sai na bi ta get.

"Malam, a Challawa, in ma'aikata suna ciki, injuna suna aiki, kuna kulle ƙofar fita?"

"Subhanallahi! Wa zai yi haka? Laifin kora ne nan take. Akwai wani da muka yi aiki tare, ya sa kwaɗo a ƙofar baya don kada a saci fata, aka yi 'yar gobara, mutane suka rasa ta inda za su bi. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ko hularsa ba a bar shi ya ɗauka ba. In ana aiki, hanyar fita a buɗe take. Wannan shi ne farkon abin da ake koya wa mai gadi."

"Safiya ƙarfe nawa take kama aiki?"

"Bayan asuba."

"Hayaƙin wutarta ta ina aka yi masa hanyar fita?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ya kalli bututun, wanda har lokacin yake fitar da siririn hayaƙi. Ya kalli gwangwanin. Carbin ya tsaya a hannunsa. Wata babbar mota ta wuce ta girgiza rodin.

"Hajiya," ya ce a hankali, "yarinyar nan da na jawo ta daga kicin ran Asabar, jikinta duk ya saki. Da na tsaya a masallaci yadda na saba, ban dawo ɗaukar tabarau ba..."

"Allah Ya dawo da ku, Malam."

"Ni na kulle ta."

Na miƙa masa gwangwanin, ya karɓa da hannu biyu. Ya share ido da bakin rawaninsa, ya gyara murya, sai mai gadin ya dawo.

"Amma fa ba za a bar shi haka a buɗe ba. Ƙadangaren nan da idona na gan shi."

Ran Alhamis da hantsi Tijjani ya zo da hular: 'yar malfa ta ƙarfe a kan ƙafafu uku, an zagaye ta da raga. Ya ɗaura ta a bakin bututun. Malam Mamman ya zagaya ta sau biyu, ya tura yatsa a ragar, ya leƙa ta ƙasa, ya jijjiga.

"Ruwa?"

"Ba zai shiga ba, Baba."

"Ƙadangare? Jemage?"

"Sai dai su gaisa daga waje."

"Hayaƙi kuma ya fita." Ya gyaɗa kai. "Babban get a rufe, ƙaramar ƙofa a buɗe. Haka ake yi. Me ya sa tun farko ba ka sa ba?"

Tijjani ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Ita kuwa Safiya, na faɗa mata gaskiyar tun ran Laraba da ta dawo da kulolinta wayam. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sai kuma ta koma kuka, sai ta ce don Allah kada in faɗa wa Abban Hanan, kada Baba ya ji kunya. Na ce Baban ya ce a bar masa, shi zai faɗa da bakinsa. Kamilu kuwa, da ta ce masa kwana biyu ke nan babu hayaƙi, cewa ya yi lafawa ce irin tasu, rantsuwarsa tana nan.

Ran Juma'a ƙarfe takwas ina zaune a zaure sai ga shi ya dawo daga Bompai, idonsa cike da barci, 'yan gwangwan biyu suna biye da shi da kura da guduma. Malam Mamman ya miƙe daga benci ya tsaya a tsakiyar ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Baba, murhun za su ɗauka."

"Ina takardar fitar da kaya?"

Kamilu ya kalle ni, ya kalli mahaifinsa. "Baba, wace takarda kuma? Gidanmu ne fa."

"Shekara talatin ko ƙusa ba ta fita ta gabana ba sai da sa hannun mai ita. Murhun na wa ne?"

"Na Safiya ne, amma Baba, ku da kanku kuka jawo ta ran Asabar. Ku kuka ce abin nan ba ya jin magani."

"Na faɗa. Yanzu kuma zan faɗi wata, ka buɗe kunnenka, sau ɗaya zan faɗa."

Ya faɗa masa a tsaye, a gaban 'yan gwangwan, tun daga ƙadangare har rabin bulo, bai rage komai ba. Kamilu ya saurara baki buɗe, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya cire hularsa ya mayar. Ya shiga kicin, ya daɗe yana kallon murhun da tagar, ya hau sama ya sauko. Sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, wai gobe a ƙara mudu ɗaya, abokan aikinsa na Bompai sun daɗe suna tambaya.

Babban ɗan gwangwan ɗin ya ce to su fa, tun daga Na'ibawa suka turo kura, haka za su koma? Malam Mamman ya sa hannu a ƙarƙashin benci ya ɗauko gwangwanin madarar, ya ɗora a tsakiyar kurar.

"Ga abin da ya hana gidan nan lafiya. Ku tafi da shi."

Suka kalli juna. Ƙaramin ya ja da baya. Da ƙyar suka tura kurar, gwangwani ɗaya tal yana gangarawa a ciki, kowa yana ƙoƙarin kada ya zo ta gefensa. Mutanen layi suna tsaye suna kallo.

Tun daga ranar Malam Mamman ya sauya zagayensa. Kafin ya tafi masallaci da asuba sai ya leƙa kicin ya tabbatar tagar a buɗe take, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Hanan ta dawo daga Dorayi, an ja mata layi da alli a ƙasa, an ce nan ne iyakarta da murhu.

Da yammacin Asabar Hajiya Jummai ta dawo mini da rariya, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Malama, ashe haka kike ba mu sani ba? An ce da asuba kika hau sama ke kaɗai, kika yi masa Turanci, kika cusa shi a gwangwani kika ɗaure da igiya. An ce 'yan gwangwan sun kai shi Challawa sun mayar da shi inda ya fito. Har akwai wata a Hotoro da take so ki zo ki duba mata firinjinta. Don Allah faɗa mini gaskiya, me kika gani a saman nan?"

Na ce mata gwangwanin madara ne a bakin bututu. Malam Mamman ne yake kifa shi da magariba, ya cire ƙarfe bakwai.